Auta da Wayoyin Ofis Masu Cin Magana

"…na ce a kashe injin nan! Kai Mai Walda, don girman Allah ɗan tsaya! Ku kuma yara, ku yi can da ƙwallonku, Auta za ta kira!"

Yaya ke nan, tsaye a tsakiyar gidan haya, dutsen guga a hannun dama, waya a hagu, yana ihu kamar wanda rumfarsa ta kama da wuta. Tsakar gidan cike take. Mata na layi a bakin famfo, shanya ta rufe sama, wani ya kwance babur a ƙofar ɗakinsa, Mai Walda kuma ya ja ƙarafansa har bakin ƙofar gida yana ta zuba tartsatsi. Babu wanda ya kashe komai. Matar ɗakin ƙarshe ma ƙara wa rediyonta murya ta yi.

"Auta za ta kira, Auta za ta kira," in ji Mai Walda, ya ɗage baƙin gilashinsa. "Shugabar ƙasa ce?"

"Ta fi! Shugaban in wayarsa ta lalace wa zai nema?"

Auta ita ce ta ƙarshe a ɗakin Inna. Sa'ad da aka haife ta Yaya ya riga ya fara taya Baba ɗauraya a shagon wanki, kuma da ƙyar da jan kunne ya ƙarasa firamare, ya ce shi da aji sai dai gaisuwa daga nesa. Da Baba ya rasu, shago da dutsen guga da yarinya duk suka faɗo hannunsa. Yarinyar kuwa in'ina gare ta tun tana ƙarama. A aike ta kanti, ta tsaya gaban mai kanti tana "sa… sa… sa…" har mutane su taru a bayanta. Yaya ne zai leƙo daga shago ya ce, "Sabulu take so, na wanki, ba na wanka ba." Tun daga nan ya zama bakinta. Ta fara magana, ya ƙarasa. Har ta kai ko leɓe ta motsa ya san inda ta dosa. A gidansu kuma ba a ambaton in'inar nan, Inna ta hana. Yaron da ya kwaikwaye ta a layi kuwa, Yaya ya san ƙofar gidansu.

Abin da bakinta ya kasa, hannunta ya iya. Rediyon Baba ta fara farkewa, ta sha duka, ta mayar da shi yadda yake, ya ma fi da kama tasha. Daga nan tocila, fanka, tsofaffin wayoyin maƙwabta. Yaya ya ce wannan ba za ta tsaya bakin baho ba. Ya goge riguna har kafaɗarsa ta karkace, ita kuma ta wuce makaranta bayan makaranta, ta karanci yadda ake haɗa kwamfutoci su yi magana da juna. In'inar ta lafa da girma, ba ta tasowa sai in hankalinta ya tashi. Amma tsoron waya bai bar ta ba. Gara ta taka har ƙarshen gari da ta buga wa mutum waya. Sai ga ikon Allah, aikin da ta samu na wayoyi ne.

Kamfani ne mai rarraba kaya ga shaguna, an ɗauke ta a matsayin gwaji. Wayoyin da ke kan teburansu ba irin na da ba ne. Ta yi wa Yaya bayani wata rana yana linke zanin gado. Ta ce muryar mutum yayyanka ta ake yi gutsi-gutsi, a tura ta hanya ɗaya da saƙonnin kwamfuta, in ta isa can a sake harhaɗa ta. In hanyar ta cushe, wasu gutsattsarin su makara, wasu su ɓace.

"Kamar safa a wanki ke nan," in ji Yaya. "A kawo biyu, a mayar da ɗaya."

"Haka, Yaya. To safarmu ɓacewa take."

Ɓacewa kam take yi. Mai shago zai kira ya ce a kawo masa kaza da kaza, rabin maganar ta tafi, a loda masa abin da bai nema ba, mota ta dawo da kaya, a yi ta cacar baki. Wasu 'yan kwangila suka zo da jakunkuna masu sheƙi suka ce a cire komai a sa sabo, su kuma za su zo da mutanensu su riƙa kula da shi. In suka zo da mutanensu, kujerar Auta ta tashi, wannan ko Inna ta gane. Auta ta daure ta je wurin Oga, shugaban sashensu, ta ce kafin a cire a bari a duba tukuna. Akwai kwamfuta guda a ofis da aka saya don sa ido kan hanyoyin, amma ba a taɓa ba kwamfutar izinin leƙa akwatunan da wayoyin ke bi ba. Tana nan zaune kamar maigadin da aka kulle a waje.

Izinin nan shi ne rigimar. Akwai wani a ofis mai kula da tsaron kwamfutoci, Mai Tsaro suke ce masa, mutumin da ko gaisuwa sai ya bincika kafin ya amsa. Ya ce ba za a buɗe masa ƙofa a katangarsa ba. Sai da Auta ta zauna da shi ta nuna masa komai. Mabuɗin da za ta yi wa kwamfutar don leƙa akwatunan na kallo ne kawai, ba ya taɓa komai, ba ya canza komai. Ba ya jin hirar kowa, gutsattsarin kawai yake lura da su, wanne ya wuce, wanne ya makara. Kalmar sirrin doguwa ce, kuma daga kwamfuta ɗaya tak za a iya shiga, in wata ta gwada a rufe mata ƙofa. Mai Tsaro ya yi tsaki ya yarda. Oga ya ce ya ba ta zuwa ƙarshen wata, ranar da gwajinta ma zai ƙare. In ta nuna masa inda ciwon yake, to. In ba ta nuna ba, a rufe ƙofar, a kira 'yan kwangila.

Sau ɗaya Yaya ya ga wurin aikin Auta da idonsa. Ta manta rigar sanyinta, Inna ta ce ya bi ta da ita. Maigadi ya raka shi har ƙarshen wani dogon lungu a ƙasan bene. Ƙofar gilashi ce, a gefenta akwai ɗan akwati inda kowa ke ajiye wayar hannunsa kafin ya shiga. Ciki kuwa wasu baƙaƙen kabad ne dogaye, fitilu kore na ta ƙyaftawa, igiyoyi shuɗi da rawaya an ɗaure su dami-dami, ga wani gurnani mara yankewa. Auta na zaune kan kujera mai taya, allo a gabanta, wayar tebur a gefe, ta cusa hannuwa cikin hammata don sanyi. Yaya ya tsaya yana kallon yadda aka jera igiyoyin nan. Ya ce a ransa wanda ya yi wannan zai iya linki.

A nan ta roƙe shi. Ta ce tana bukatar kunne a waje. Allon zai nuna mata layi, kore in hanya lafiya, ja in ta cushe. Amma tunda ita ta haɗa abin da hannunta, ba ta sani ba ko gaskiya yake faɗa ko ta yi kuskure a wani wuri. Tana so in layi ya yi ja ta ɗauki wayar tebur ta kira wani a waje, ya gaya mata ko muryarta na yankewa.

"Duk mutanen ofis ɗin nan babu mai kunne?"

Ta sunkuyar da kai. Ya gane. Da shi kaɗai take iya doguwar magana a waya.

Tun daga ranar Yaya bai ƙara zama ba. Ya kwaso teburin guga daga shago ya dawo da shi tsakar gida, wai a nan sabis ya fi ƙarfi. Waya kullum a caji. In ta yi ƙara ya zabura, in ba ta yi ba ya duba ko ta mutu. Abokin ciniki ya kira yana tambayar rigarsa, Yaya ya ce, "Sauka daga layi, bawan Allah, layin na aiki ne!" Matarsa, wadda gidan ke kira Maman Biyu, ta ce ko ranar haihuwar biyun bai yi wannan zirga-zirgar ba.

Ranar da ya yi wa Mai Walda ihu, kiran ya shigo bayan cin abincin rana. Yaya ya shige bayan shanya, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"Yaya, ka… ji na? La… ya yi ja yan… zan yi ma… ka gaya min in ta yan…"

Ta yi ta magana. Ta ce masa ta karya da safe amma ba ta ci na rana ba, ta ce a tuna wa Inna maganinta, ta ce takalmin nan na matse mata yatsa. Yaya ya ji duka. Inda kalma ta tsaya rabi kansa ya ƙarasa ta tun kafin ya san ta tsaya. Inda kuma tsayawar ta yi yawa har ya lura, sai ya ce a ransa, wayyo, abin nan ya dawo wa yarinyar nan, damuwa ta yi mata yawa. Kuma ba a ambaton abin nan.

"Yaya ka ji?"

"Ras! Kamar kina gabana."



"Ka tab…?"

"Na tabbata mana. Ki sassauta igiyar takalmin."

Washegari haka. Jibi haka. Layi ya yi ja, Yaya ya ce ras. Auta ta ce to kuskuren nata ne, kwamfutar tana leƙa inda ba nan ba. Ta goge mabuɗin ta sake yin wani. Ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya tana duba ko ta rikita lambobin ramukansu. Ta koma wurin Mai Tsaro a sake buɗe mata wata ƙofa, ya ce shi katanga yake tsaro ba rariya ba. Oga ya tare ta a matattakala ya ce, "Me allonki ya ce?" Ta ce ba ta gama yarda da shi ba tukuna. Ya ce, "In ke ba ki yarda da shi ba, ni zan yarda?" 'Yan kwangila kuwa sun sake zuwa, har sun auna ɗakin.

Auta ta fara dawowa gida ba ta ko cire jaka, ta zauna bakin gadon Inna ta zuba wa bango ido. Inna ta tura mata kwano, ta ture. Yaya ya shiga ya fita, ya shiga ya fita. Ya je ya sayo sabon abin ji na kunne, wai ko ya ƙara ji da kyau. Ya tambayi Mai Walda ko ya san wani abu game da jan layi, Mai Walda ya ce shi jan da ya sani na ƙarfe ne, in ya gani kuma ba ya tambayar kowa, janye hannu yake.

Ana saura kaɗan wata ya ƙare, kiran ya zo Yaya na tsakiyar wata farar riga mai wuyar sha'ani, wadda in ka ɗaga dutse ta yi layi. Ya danna sifika ya ajiye wayar kan tebur. Maman Biyu na gefe tana tsince wake a faranti.

"Yaya… ake… na sa… koma… jiya… ko da…"

"To, to. Kin sake komawa kan na jiya, ko da wani abu ya canza. Ina jin ki ras."

Maman Biyu ta ɗago.

"Ras ɗin me?"

Ya yi mata alama da hannu ta yi shiru.

"A'a, Baban Biyu, ras ɗin me? Wannan wayar da ke yi kamar ana taka busasshiyar leda? Ni wallahi ban ji kalma ɗaya cikakkiya ba."

"Ke, rufa mana asiri," ya faɗa ƙasa-ƙasa, ya rufe wayar da tafin hannu. "Abin nata ne ya tashi. Kin san ba a…"

"Wane abin nata? Ni ban san muryar Auta ba? In nata ne ai maimaitawa take, ta riƙe kalma ta yi ta ja. Wannan ba maimaitawa ba ce, cinyewa ake yi. Ba ni nan."

Ta fizge wayar da hannunta mai ƙurar wake.

"Auta, Antinki ce. Faɗi wani abu da wannan yayan naki bai sani ba."

Auta ta fara karanto rubutun da ke jikin ɗaya daga cikin kabad ɗin, haruffa da lambobi barkatai. Yaya ya matso da kunne. Ya ji farko, ya ji wani abu a tsakiya, sauran rami ne. Ya buɗe baki zai ƙarasa, babu abin ƙarasawa. Ya tsaya baki buɗe, dutsen guga a sama.

"Kin ji ko?" in ji Maman Biyu cikin wayar. "Rabi ma bai iso ba. Tun yaushe yake ce miki ras?"

Wani sauti ya fito daga wayar, a yanke shi ma, ba a san ko kuka ba ne ko dariya. Sai kuma ƙit, ta ajiye.

Yaya ya zauna kan bokiti. Ya tashi. Ya kira ta, wayar hannunta na cikin akwati a bakin ƙofar gilashi. Ya sa takalmi zai tafi ofis, Maman Biyu ta ce in ya je ya ce wa maigadi me? Ya cire takalmin. Ya goge rigar da ya riga ya goge. Har rana ta faɗi yana leƙen ƙofar gida.

Da Auta ta shigo ba ta ko gaishe da mutanen famfo ba. Ta zo ta tsaya gabansa, ta ɗaga jakarta ta maka masa a kafaɗa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

"Sau nawa na rushe aikina saboda kai? Aikin daidai yake tun ranar farko!"

"Wallahi Auta na ji ki. Duk abin da kika faɗa na ji."

"Na sani! Shi ne matsalar!"

Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta zauna kan kayan mutane da aka goge. Yaya bai ce ta tashi ba. Inna ta leƙo ta labule ta ce in sun gama haukan a zo a ci abinci.

Da safe Auta ta koma ta yarda da allonta. Da ta daina zarginsa sai ta ga abin a fili. Jan layin kullum a hanya ɗaya yake tasowa, kuma kullum bayan abincin rana. A lokacin ne kyamarorin ɗakin ajiyar kaya ke turo hotunan da suka tara tun safe, su cika hanyar maƙil, murya ta rasa wurin wucewa. Amma gani daban, gyara daban, mabuɗinta na kallo ne kawai. Dole ta kai wa Oga, ta nemi a ba murya gaba a hanyar, a kuma mayar da turo hotunan lokacin da aka tashi aiki. Ta roƙi wata mata daga sashen karɓar oda ta fita bakin titi da wayar hannu, Oga da Mai Tsaro na tsaye suna kallon allo, ita kuma ta ɗauki wayar tebur ta yi magana a gabansu, da in'inarta da komai. Oga bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a gwada gyaran, a gani zuwa ranar ƙarshe.

An sallami Yaya daga aikin kunne. Hakan bai sa ya zauna ba. Ya mayar da tebur shago, ya sake dawo da shi. Ya ba wani wandon wani. Kullum da yamma ya tare Auta a ƙofa, ta ce kore ne, amma Oga bai ce komai ba, 'yan kwangila kuma an gan su a ofishinsa suna shan shayi. Yaya ya ce shayin na sallama ne ko na maraba? Ta ce ita ba ta leƙa kofin ba.

Ranar ƙarshen wata ko gawayi bai hura ba. Ya zagaya tsakar gida har matar ɗakin ƙarshe ta ce zai haƙa musu rijiya da ƙafa. Rana ta take, ta karkata, aka ci abinci aka wanke kwanuka. Sai wayar ta yi ƙara, lambar ofis.

"Yaya, ni ce. Kana zaune?"

"Ina zaune," ya ce, yana tsaye.

"Yanzu na fito daga wurin Oga. Tun da aka yi gyaran babu mai shagon da ya kira ya ce bai ji ba. An sallami 'yan kwangila. Mai Tsaro ya ce mabuɗin ya zauna, ba za a rufe ƙofar ba, har ya ce in zo in yi wa sauran rassan irinsa."

"Ke fa? Ke fa, Auta?"

"An ɗauke ni. Gwaji ya ƙare. Har tebur aka ba ni a sama, kusa da taga."

Yaya ya dafa igiyar shanya, kayan mutane suka yi ta lilo.

"Yaya? Kana nan? Ba Inna wayar in gaya mata."

"Tsaya tukuna. Inna ba inda za ta. Sake faɗa min."

"Wanne?"

"Duka. Tun daga inda kika fito daga wurin Oga."